Fararen Haƙoran Cikin Hoto

Tun da hantsi Umma take kai-kawo tsakanin falo da kicin, ta gyara wannan labule, ta sake karkaɗe kujerar da ta riga ta karkaɗe. Yau dangin saurayin Auta za su zo ganin ta, kuma mai jagorantar tafiyar ita ce babbar yayarsa, matar da duk gidansu babu mai yi mata musu.

"Auta! Wai har yanzu kina gaban madubi? Fito mana, na ji tsayuwar mota!"

Auta ta fito tana gyara mayafi. Kyakkyawar yarinya ce mai sanyin murya, malamar ƙananan yara a wata makaranta da ke bayan layinsu. Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa a duniya, shi ne haƙoranta na gaba. Tun tana ƙarama suka fito da dabbare-dabbare, wani wurin fari fat, wani wurin kamar an ɗiga musu shayi. Ba sa ciwo, ba su da rami, amma babu man goge baki da ba ta gwada ba. Da ta gaji sai ta koyi dariya da hannu a baki, har abin ya zame mata jiki.

Mutum ɗaya ne ta taɓa mantawa ta yi dariya a gabansa. Ya zo makarantarsu ɗaukar yara hoto, yaran suka ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya yi ta rawa da kukan akuya don su kalle shi. Ita kuwa ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar take kiran sa Mai Hoto, shi kuma yake ce mata Malama, magana ta yi nisa har manya suka shiga aka sa lokacin biki.

Yaya Babba ta shigo da sallama, ƙamshin turarenta ya riga ta cika falon. Tare take da wata ƙawarta mai ƙaton gilashi. Aka gaisa, aka sha ruwa da lemo. Auta ta durƙusa ta gaishe su, kanta a ƙasa, hannunta a inda ya saba.

"Masha Allah, ga ta kuwa!" in ji Yaya Babba, fuskarta a sake. "Matso kusa, ƙanwata. Ke ce kika hana ƙanina cin abinci? Cire hannun nan mu ga murmushin da ya zaga dangi."

"Kunya gare ta," in ji Umma da sauri.

"Kunyar me, Mama? Ai mun zama ɗaya."

Kafin Auta ta ankara, Yaya Babba ta kama hannunta ta sauke shi, tana dariya, tana yi mata cakulkuli a haɓa. Leɓɓan Auta suka buɗe.

Dariyar ta tsaya cak.

Ƙawar ta zame gilashinta ƙasa ta leƙo. Yaya Babba ta zaro waya daga jaka, ta danna, ta kalli wayar, ta kalli Auta, ta sake kallon wayar.

"Anya ita ce ta hoton?" ƙawar ta tambaya, kuma ba ta ko rage murya ba.

"Wane hoto?" in ji Umma.

Yaya Babba ta juyo musu da wayar. Auta ce a jiki, tana dariya a bakin ƙofar ajinta, kyakkyawa sosai. Sai dai haƙoran cikin hoton farare ne tas, a jere, ba ɗigon komai. Auta ba ta taɓa ganin hoton ba, don ko na katin aiki ba ta son kallo.

"Mama, ni ba na ɓoye-ɓoye," in ji Yaya Babba tana miƙewa. "Hoton nan na tura wa dangin uwa da na uba. Na tura wa ƙawayena, na ce su zo su ga matar ƙanina. Ashe gyara aka sa shi ya yi don a rufe mana ido! Lalura ba laifi ba ce, amma auren da aka fara da yaudara kuwa, sai an sake shawara."

"Wallahi, Anti, ni ban sa kowa..."

"Ya isa. Mun gode da lemo."

Suka fita. Umma ta bi su har ƙofa tana ba da haƙuri a kan laifin da ba ta sani ba. Da ta dawo ta tarar da Auta a durƙushe a inda suka bar ta, hawaye na ɗiga a kan kafet.

Washegari da aka tashi daga makaranta Auta ta wuce shagonsa kai tsaye. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da fitilu biyu masu lema, da labulen bango mai zanen lambu, kwamfuta kuma a kusurwa. Yana ganin ta ya miƙe, har ya ture kujera.

"Malama, na yi ta kiran ki..."

"Nuna min hoton."

Bai yi musu ba. Ya buɗe kwamfutar, ya nemo shi. Ya danna wani wuri, haƙoranta na gaskiya suka bayyana. Ya sake dannawa, suka koma farare. Auta ta ji kamar an mare ta a gaban mutane.

"Wallahi hannuna ne ya saba," ya ce. "Duk wanda ya zo, amarya ce, ɗan makaranta ne, mai neman aiki ne, sai na cire ƙuraje na haska haƙora kafin in ba shi. Idan ban yi ba ma faɗa ake yi da ni. Yaya ta dame ni da kira tana so ta gan ki, hoton yana cikin na yaranku, na bi su duka da gyara a zama ɗaya na tura mata. Ko tunani ban yi ba!"

"Ni kwastomarka ce?"

"Malama, sori, don Allah..."

"Ka san abin da ya fi yi min ciwo? Na ɗauka kai kaɗai ne ba ka ganin su. Ashe kana gani, har ka san inda za ka taɓa."

"Ina gani mana, ba makaho ba ne ni. Amma ba su taɓa damu na ba. A haka na gan ki, a haka nake son ki."

Ta share ido da gefen mayafi. "To ka faɗa wa Anti cewa ba ni na sa ka ba?"

 Ya ɗauki murfin kamara yana jujjuyawa.

"Mai Hoto, tambayar ka nake yi."

"Ta shigo tana faɗa ne. Ta ce ke kika sa ni, ni kuma... ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ba ki san Yaya ba. Tun rasuwar Baba ita ta riƙe ni, ita ta sai min kamarar farko. Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ki bar ni in lallaɓa ta a hankali."

"Ka lallaɓa ta da mutuncina ke nan."

Ba ta jira amsa ba ta fice. Mai Hoto mutumin kirki ne, babu shakka, kuma yana son ta. Amma a gaban yayarsa har yanzu yaro ne mai gajeren wando.

Ba a daɗe ba saƙo ya iso gidan su Auta. Yaya Babba ta ce ta shawo kan Hajiya, mahaifiyarsu, an yarda a ci gaba da shiri bisa sharaɗi ɗaya: kafin ranar biki a gyara haƙoran amarya su zama kamar na hoton. Ba za ta tsaya a gaban ƙawayenta a ce ta yi ƙarya ba. In ba haka ba, a ɗaga bikin sai yadda hali ya yi.

Auta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Duk abin da ta gani a waya sai ta gwada: lemon tsami, garin gawayi, gishiri. Ta yi ta dirza har dasashinta ya kumbura, in ta tofar da yawu sai ta ga jini. Ranar da Umma ta ga jan kumfa a bahon wanke hannu, salati ta saka.

"Kashe kanki za ki yi saboda namiji? Ɗauko mayafinki, asibiti za mu!"

Likitar haƙorin dattijuwa ce mai farin gilashi, ba ta gaggawar magana. Ta kwantar da Auta a doguwar kujera, ta haska mata fitila, ta daɗe tana dubawa da ɗan madubi.

"Da kina ƙarama ruwan rijiya kuke sha?"

"Shi ne, likita," in ji Umma. "A tsohon gidanmu."

"To daga nan ne. Wani sinadari ne ya yi yawa a ruwan lokacin da haƙoran suke tsirowa. Amma 'yata, haƙoranki lafiyarsu lau. Launi ne kawai."

"Likita, biniya nake so," in ji Auta. "Irin murfin nan fari da ake liƙawa a gaban haƙori. Kafin bikina."

Da ta ji lokacin da ya rage, likitar ta girgiza kai.

"Ina yin sa, kuma yana kyau ga wanda ya dace da shi. Amma sai an kankare fuskar haƙori kafin a liƙa, abin da aka kankare kuma ba ya tsirowa. Ba farce ba ne. Dasashinki ma duk kin ji masa ciwo, ba zan taɓa komai ba sai ya warke. Idan kin yi haƙuri, akwai hanya mai sauƙi: mu goge saman tabon kaɗan-kaɗan, mu haska su da magani a hankali. Zai ɗauki watanni. Ba za su zama farare kamar takarda ba, amma za ki ji daɗin su, kuma naki ne."

"Watanni, likita? Za su fasa!"

"Ni dai ba zan lalata miki lafiyayyen haƙori don a cika ranar biki ba."

Da Yaya Babba ta ji abin da likita ta ce, tsaki ta ja a waya har sai da Auta ta janye wayar daga kunne.

"Likitocin nan da jan rai! Ke, akwai wata Madam da ke yi a zama ɗaya. Duk manyan 'yan mata wurinta suke zuwa, ki shiga da safe ki fito da rana kina walƙiya. Na kama miki layi. Ranar Asabar zan zo in ɗauke ki a bakin titi. Ba sai kin tayar wa Mama da hankali ba."

Auta ta ce to. Ta san ba daidai ba ne, ta kuma san Umma ba za ta yarda ba. Amma tana son Mai Hoto, duk da haushinsa da take ji, kuma ta gaji da zama abin nuni. Ranar Asabar ta ce wa Umma za ta je wurin tela, ta fita bakin titi ta shiga motar Yaya Babba.

Shagon Madam shagon kwalliya ne. A gaba ana kitso, ana wanke kai, ana liƙa farce, ga kiɗa yana tashi. Wata yarinya na zaune ta miƙa yatsu, Madam na goge mata farce da wata 'yar na'ura mai ƙara, farar ƙura na tashi.

"Ah, Hajjaju! Ita ce amaryar?" Madam ta washe baki. Haƙoranta manya ne, farare har suna ɗaukar ido. "Ku shiga ciki, yanzu zan gama."

Cikin wani lungu ne a bayan labule. Kujerar wanke kai ce aka ja baya, da fitilar tebur, da faranti cike da ƙananan fararen murafu masu siffar haƙori. Babu tagar kirki. Auta ta zauna a kujerar.

Madam ta shigo riƙe da na'urar nan. Ta hure ƙurar da ke bakin na'urar, ta goge ta a jikin atamfarta, ta canza mata kai, ta jona a soket.

"Anti," Auta ta ce a hankali, "wannan ba ita ce ta farcen ba?"

"Kai daban, aiki daban," in ji Madam. "Kwantar da hankalinki, bebi. Guda takwas na sama za mu rage, mu liƙa, shi ke nan. Buɗe baki."

"Ba allurar kashe zafi?"

"Ɗan tsami-tsami ne kawai. Buɗe!"

Na'urar ta ɗauki ƙara. Madam ta dafe goshin Auta da hannu ɗaya, ta matso da ɗayan. Auta ta ji iskar abin a leɓenta, ta ji warin farcen da aka goge. Ta sa harshe ta shafa haƙoranta na gaba, santsinsu, ƙarfinsu. Shekara da shekaru tana jin haushin su, amma ko sau ɗaya ba su taɓa hana ta barci ba. Nan da ɗan lokaci kaɗan za su zama ƙura a kan atamfar wannan matar.

Ta datse bakinta.

"Ke! Buɗe mana, kina ɓata min lokaci!"

Auta ta kawar da kai, ta ture hannun, ta miƙe tsaye. 

"Anti, ki yafe min. Ba zan iya ba."

"Me kika ce?" Yaya Babba ta taso. "Kin san abin da kike yi kuwa? Idan kika fita daga ɗakin nan a haka, babu biki!"

"Na sani." Hawaye suka zubo mata. "Wallahi ina son ƙaninki, Anti. Amma ban sa shi ya gyara hoto ba, ban yaudari kowa ba. Zan bi abin da likita ta ce, ko wata nawa ne. Idan kun jira ni, na gode. Idan ba ku jira ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Masu kitso sun riga sun yi shiru, wasu har sun ɗaga labule suna leƙe. Madam ta taɓe baki ta ce, "Hajjaju, da ma ƙauyanci kika kawo min? Ni fa na hana wasu layi saboda ke."

Wannan maganar ce ta gama da Yaya Babba. A duniya babu abin da ta tsana kamar a ce ta ji kunya a gaban mata. Ta ajiye jakarta, ta cire mayafi.

"Matsa! Ni a yi min. Da ma ina da niyya. Ki tsaya ki ga abin da kike wa kuka, matsoraciya kawai."

Auta ta riƙe mata hannu da hannu biyu. "Anti, don girman Allah kar ki zauna! Haƙoranki ba abin da suka yi. Likita ta ce ba sa tsirowa. Ki zage ni, ki kore ni, amma kar ki zauna!"

"Sake ni! Wa ya ce miki ina neman shawararki?"

Ta fizge hannunta ta zauna. Auta ta fito da gudu ta toshe kunnuwa, amma har bakin titi tana jin ƙarar na'urar.

A gida ta durƙusa ta faɗa wa Umma komai. Umma ta yi faɗa, ta yi kuka, sannan ta rungume ta. Bayan kwana biyu aka aiko cewa an ɗaga biki. Maƙwabta suka samu abin taunawa. Wata ta ce an gano amarya na da ciwo, wata ta ce ango ne ya gudu. Auta ta toshe kunne. Ta ci gaba da zuwa makaranta, ta ci gaba da zuwa wurin likita, ta daina ɗaga wayar Mai Hoto. Saƙo ɗaya kawai ta tura masa: "Ranar da ka faɗi gaskiya, ka neme ni."

Saƙon ya hana shi sukuni. Ya rame, aiki ya daina yi masa daɗi. Wata rana da yamma ya naɗe kwamfutarsa ya nufi ɗakin Hajiya. Ya tarar da Yaya Babba a can, tana ta yi wa kowa murmushi da sababbin haƙoranta, ko da yake ya lura ruwan da ke gabanta ba ta taɓa shi ba.

"Hajiya, ina da magana. Yaya, ki yi haƙuri ki bar ni in kai ƙarshe."

"Iye? Yau kuma ni ake ce wa..."

"Bar shi ya yi magana," in ji Hajiya.

Ya buɗe hoton Auta, ya danna, ya sake dannawa. "Ni na yi wannan. Ba ta sa ni ba, ba ta ma san na yi ba. Na ji tsoron Yaya ne na bar laifin a kanta."

"So ne ya sa kake rufa mata asiri!"

 Ya buɗe wani hoton, na Yaya Babba a wani taro, wanda ta fi so, wanda ta sa a fuskar wayarta. Ya danna. Sai ga layukan goshi sun dawo, ga baƙin ƙasan ido, ga ɗan tabon da ke gefen hancinta.

"Ke ma ba ki taɓa sa ni ba, Yaya. Haka nake yi wa kowa. Har na Hajiya."

 Hajiya ta daɗe tana kallon ɗanta.

"Wato yarinyar mutane ta sha zagi, an ɗaga mata biki, kai kana zaune da gaskiya a cikin jaka?" Ta juya ga 'yarta. "Ke kuma kika zo kika ce min mayaudariya ce, na yarda ban bincika ba. Duk mun ci amanar yarinyar nan. Gobe zan je gidansu da ƙafata."

Yaya Babba ta buɗe baki za ta yi magana, iskar fanka ta bugi haƙoranta, ta dafe kunci ta runtse ido.

Hajiya ta cika alkawari. Ta je ta ba Umma haƙuri, ta riƙe hannun Auta ta ce a ɗauki duk lokacin da likita ta ce, ko ma kar a taɓa haƙoran, ita dai 'ya take so. Mai Hoto ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka kama da sata. Auta ta bar shi ya tsaya har ƙafarsa ta gaji kafin ta ce masa ya shigo.

Yaya Babba ce kaɗai ba ta zo ba. An ce ba ta jin daɗi.

Ba a yi mako ba Mai Hoto ya kira Auta da sassafe, muryarsa a firgice. "Malama, fuskar Yaya ta kumbura, ido ɗaya ya rufe! Zazzaɓi take yi. Mun je shagon matar nan ta ce ba ruwanta. Yaya ta ƙi zuwa asibiti, wai kunya take ji."

"Ka zo ka ɗauke ni yanzu."

Auta ta tarar da Yaya Babba a kwance ta rufe fuska da mayafi, ɗakin yana wani irin wari. Auta ba ta ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ta nemo mata takalmi, ta ɗaura mata ɗankwali, ta tallafe ta.

"Tashi, Anti. Likitata ba ta da faɗa. Ni zan shiga da ke."

Likitar ta daɗe a kanta. Da ta cire murafun, abin da ya rage a ƙasa 'yan ƙananan kututturai ne, an ci su har kusa da jijiya, ruɓa ta shiga ƙarƙashi. Biyu sai da aka cire. Sauran aka yi ta jinya kafin a rufe su da murfin asibiti. Duk zuwan da aka yi, Auta ce ke zaune a gefen kujera, Yaya Babba na matse mata hannu in zafi ya taso.

A zuwa na ƙarshe, suna zaune a benci suna jiran a kira su, Yaya Babba ta yi magana ba tare da ta kalle ta ba.

"Kin riƙe ni ranar nan. Da hannu biyu kika riƙe ni, na fizge." Muryarta ta karye. "Na zage ki a gidanku, na zage ki a gaban mutane. Me ya sa kike min wannan wahalar?"

"Yayar wanda zan aura ce ke, Anti. Yayata ce."

Yaya Babba ta kifa kai a kafaɗarta ta fashe da kuka, a gaban duk masu jiran layi, kuma a karon farko ba ta damu da wanda yake kallo ba.

An yi bikin bayan watanni. Tabon haƙoran Auta ya dusashe sosai, saura ɗan alama da sai ka matso za ka gani. Ba su kai na hoton ba, ba kuma wanda ya tambaya. Yaya Babba ce ta tsaya a kan komai, duk wanda ya shigo sai ta ja shi ta ce, "Zo ka ga ƙanwata."

'Yan mata, gyara ba laifi ba ne, amma a nemi masu ilimin abin, a kuma ba shi lokacinsa. Wanda zai so ki zai jira ki, abin da kika lalata da gaggawa don ki burge mutane kuwa, ke kaɗai za ki zauna da shi bayan an watse. Samari kuma ku sani, shirun da aka yi a inda ya kamata a kare mace, shi ma cin amana ne. Auta ta yi haƙuri, ta tsira da mijinta, da mutuncinta, da haƙoranta.

Wata rana da zafi Yaya Babba ta kai wa amarya ziyara. Auta ta kawo mata ruwa mai ɗumi, don har yanzu bakinta ba ya jure sanyi, ita kuma ta zauna da kofin lemo. Suna cikin hira Auta ta manta, ta jefa ƙanƙara a baki ta tauna, ƙurus! Sai ta tuna, ta tsaya, kunya ta kama ta.

"Yi haƙuri, Anti."

Yaya Babba ta yi murmushi, idonta ya ciko.

"Tauna abinki, ƙanwata. Tauna da ƙarfi. Ni yanzu sai dai in saurara."